Yadda ake gina muryar sofrano irin ta matan opera na Faransa, da abin da za ki iya farawa da shi daga nan ƙauye

Salamu alaikum 'yan uwa mata, musamman ƙannena da suke ta turo min bidiyon matan nan na opera suna tambaya wai ya ake yi mace ɗaya ta tsaya ta cika ɗakin mutum dubu biyu da murya ba makirfo ba lasifika. Ni malamar Faransanci ce a wata ƙaramar sakandire nan ƙasar Gumel, kuma na daɗe ina bibiyar rayuwar mawaƙan nan, to bari in zayyana muku yadda Faransawa suke horar da su tun daga tushe, da kuma wanda za ki iya yi kina tsakar gidanku. Abu ɗaya nake so ki riƙe tun yanzu, wannan muryar ginata ake yi, kuma ginin yana da tsari, kunne ne farko, sai numfashi, sai harshe, can daga ƙarshe ake zuwa kan sautin nan mai tsini da yake burge ki. Duk wadda ta juya tsarin ta fara daga sama to maƙogwaronta ne zai biya kuɗin.

Opera dai wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa, akwai labari akwai sutura akwai makaɗa wajen 60 zuwa 90 a wani rami gaban dandamali, goge manya da ƙanana da sarewa da kakaki irin nasu da ganguna, kuma dole muryar mace ɗaya ta haye saman duk wannan. Sofrano ita ce murya mafi sama a cikin muryoyin mata, yawanci ita ce jarumar labarin, ita ake so ita ake yaudara ita ce kuma take mutuwa a ƙarshe, Allah sarki. Gidan opera na Paris tun 1669 aka kafa shi zamanin sarki Louis na 14, yanzu gini biyu gare su, Palais Garnier da aka buɗe a 1875 mai cin mutum kusan 2,000, da Opéra Bastille na 1989 mai cin wajen 2,700. To ki ƙiyasta, na kujerar ƙarshe can sama shi ma kuɗinsa ya biya, kuma yana so ya ji kowace kalma.

Abin da yake fitar da sautin ba wani babban abu ba ne, wasu 'yan tantani ne guda biyu a cikin maƙogwaro, na mace tsawonsu bai kai santimita 2 ba. Iska ta taso daga huhu ta bi ta tsakaninsu sai su riƙa karkarwa. Kin ga yadda yara suke hura balan-balan su ja bakinta da yatsu ta yi ta ƙara, in sun ƙara ja ƙarar ta ƙara tsini, to haka abin yake. Sautin da makaɗa suke daidaita kayansu da shi, wato wanda ake kira la a jerin sunayen sautuka do re mi fa sol la, tantanin nan sau 440 yake karkarwa a daƙiƙa ɗaya, do na sama da ake auna sofrano da shi ya haura 1,000, shi kuma sautin fa na can sama da Sarauniyar Dare take rerawa a operar Mozart ta 1791 ya kusa 1,400. Wani malamin waƙa da ya koyar a Paris, Manuel García, shi ne a 1854 ya sa ɗan madubi a bakinsa ya ga nasa tantanin yana aiki, daga nan likitoci suka ɗauki dabarar. Na kawo wannan ne don ki san cewa nama ne, yana gajiya yana kumbura yana yin tsiro, ba ƙarfe ba ne.

Yanzu ga yadda Faransawa suke yi. Kusan kowane gari mai ɗan girma yana da makarantar kiɗa ta hukuma, konsabatuwa suke ce mata, akwai ta gari akwai ta lardi akwai ta yanki, yaro yana zuwa bayan an tashi daga boko. Kuma abin da zai ba ki mamaki ba a fara wa yarinya 'yar shekara 7 ko 8 da waƙar opera, sam. Solfej ake fara mata, wato karanta rubutun kiɗa da gane sauti da kunne, malam ya buga ita kuma ta rubuta abin da ta ji, sannan a haɗa ta da wani abin kiɗa, sannan ta shiga cikin 'yan amshi na yara. Gidan rediyon Faransa ma yana da nasa rukunin yaran tun 1946, rabin yini boko rabin yini kiɗa. Horon murya na gaske sai ta balaga jikinta ya zauna, wajen shekara 16 zuwa 18. Shi ya sa in kin duba tarihin manyansu za ki ga da yawa ba da waƙa suka fara ba. Lily Pons fiyano ta karanta. Sabine Devieilhe da aka haifa a 1985 a Normandi babban goge ta fara koya, ta yi nazarin kiɗa a jami'a a garin Ren, sai a 2011 ta gama babbar konsabatuwa ta Paris. Christiane Eda-Pierre, baƙar fata 'yar tsibirin Martinik da aka haifa a 1932, ita ma fiyano ne ya kai ta Paris kafin ta koma waƙa, ta gama a 1957, daga baya har ta zama malama a makarantar.

To ke da kike Jigawa ko wani ƙauyen Kano ba ki da konsabatuwa, amma kina da waya. Ki sauke manhajar fiyano ta kyauta, mara nauyi wadda ba ta cin data, ki danna maɓalli ɗaya ki saurara sosai sannan ki rera shi da baki a rufe, mmm, har sai kin ji sautinki da na wayar sun haɗe sun zama ɗaya ba sa gogar juna. Daga nan do re mi fa sol ki hau ki sauko. Kar ki raina wannan, wata sai ta yi wata biyu kafin kunnenta ya fara gane ta yi ƙasa ko ta yi sama. Ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, ranar farko za ki ji kamar ki nutse don kunya, kowa haka ne, abin da kike ji a cikin kanki daban yake da abin da mutane suke ji. Mu Hausawa ma muna da sa'a a nan, harshenmu da kansa da hawa da saukar murya yake tafiya, kunnenmu ya saba da bambance su tun muna goye.

Sai numfashi, kuma a nan nake so in daɗe don shi ne jarin. Da asuba bayan kin idar da sallah kafin gida ya tashi, shimfiɗa tabarma ki kwanta rigingine, ki ɗan tanƙwashe gwiwa tafin ƙafa a ƙasa. Samo ɗan ƙullin gero a leda kamar rabin mudu, ki ɗora shi daidai kan cibiya. Ja iska ta hanci a hankali, ba da ƙara ba, ki kalli ƙullin, shi ya kamata ya tashi, ƙirji da kafaɗa kuma su zauna lafiya. Yawancinmu akasin haka muke yi, in an ce ja numfashi sai mu ɗage kafaɗa mu shanye ciki, wannan numfashin mai gudu ne ba na mai waƙa ba. Sai ki sa tafin hannu a gefen haƙarƙarinki na ƙasa, ki ji suna buɗewa gefe da gefe har ta baya wajen da tabarma take taɓa ki. Yanzu ki saki iskar ta tsakanin haƙora, ssss, siririya ba yankewa, kina ƙirgawa a zuci, kuma abin lura shi ne kar ƙullin geron ya faɗa ƙasa lokaci ɗaya, ya riƙa sauka kaɗan kaɗan haƙarƙari na nan a buɗe suna jan birki. Farko wataƙila ki kai 12 ko 15, a hankali za ki ga kin wuce 30. In kin ji jiri ki tsaya ki huta, ba gasa ake ba. Idan kin iya a kwance sai ki koma zaune, sannan a tsaye, a tsayen ne ya fi wuya don jiki zai so ya koma tsohon halinsa. Mu da muka tashi da ɗaukar tulu da talla a ka, tsayuwarmu ta riga ta miƙe, wuya a tsaye kafaɗa a sake, wannan tsayuwar malaman waƙa can sai sun yi ta fama kafin ɗalibai su same ta.

Bayan numfashi sai ɗumama murya, kuma kullum sai kin yi kafin ki rera komai. Ki saki leɓe ki hura su suna karkarwa brrr irin na yara masu kwaikwayon babur, ki hau da sautin ki sauko. Sannan ki samo robar ruwa ki zuba ruwa rabi, ki tsoma sitiro ɗin shan lemo bakinsa ya shiga ruwan kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya, ki rera uuu ta cikinsa ruwan yana ɓulɓul daidai wa daida. Wannan dabarar likitocin murya suna ba mawaƙa da malamai ita, iskar da take dawowa baya tana taimaka wa tantanin ya haɗu ba tare da matsi ba, kuma ko kin kwana kina surutu a gidan biki in kin yi minti biyar sai ki ji maƙogwaro ya saki. Ƙannenki za su yi miki dariya, ki rabu da su. Gaba ɗaya mai farawa minti 15 zuwa 20 ya ishe ta a zama ɗaya, gara ki yi kaɗan kullum da ki tara ki yi awa biyu ranar Juma'a.

Dan Allah ga gargaɗi, kar ki ce tunda kin iya guɗa to kin iya sautin sama. Guɗa ta daƙiƙa kaɗan ce kuma da yawa da matse maƙogwaro suke yinta, shi ya sa gwanayen guɗa suke wayar gari murya a dishe bayan kai amarya. Sautin sofrano na sama ba da ihu ake kai masa ba, ana sakin muƙamuƙi ne, harshe ya kwanta bakinsa na taɓa bayan haƙoran ƙasa, cikin baki ya buɗe kamar farkon hamma, sai ki ji sautin yana yi miki zirr a fuska wajen hanci da goshi. Akwai muryar ƙirji wadda muke magana da ita kuma yawancin waƙoƙinmu na daka da na gaɗa a cikinta suke, akwai kuma muryar ka, siririya, wadda da farko za ki ji ta raunana kamar ba taki ba. Aikin shekaru shi ne a ɗinke su biyun har mai sauraro ya kasa gane inda aka canja. Idan kin ji zafi ko ƙaiƙayi ko tari ya taso miki kina cikin rerawa, wani abu ne ba daidai ba, ki daina nan take.

Sai harshe. Sofranon Faransa ba da Faransanci kaɗai take waƙa ba, dole ta iya furta Italiyanci da Jamusanci, wani lokacin har Rashanci da Turanci, kuma a konsabatuwa darasi ne mai zaman kansa. Italiyanci ba zai ba ki wuya ba, wasulansa a buɗe suke kamar namu, har ninka baƙi suna yi irin yadda muke yi. Faransancin ne mai rigima, ga wasulan hanci, ga u ɗin nan da sai kin zumɓura baki kamar za ki ce u amma harshe yana cewa i, ɗalibaina har yau da shi muke kokawa. Wadda ta yi tajwidi a Islamiyya ta samu rabin aikin, don ta riga ta san kowane harafi yana da mafitarsa, ta san gunna, ta san jan madda ba tare da sautin ya karkace ba, ta kuma saba malam ya mayar da ita kan kalma ɗaya sau goma ba ta yi fushi ba. Ki fara koyon Faransancin tun yanzu ko da ba ki zama mawaƙiya ba, a Kano akwai Alliance Française, a Badagiri akwai ƙauyen koyon Faransanci, mu nan kuma ranar Alhamis ki shiga kasuwar Maigatari za ki samu mutanen Damagaram da suka yi lakwal, wato bokon Faransanci, ba za ki rasa wanda za ki gaisa da shi ba.

Kula da murya a nan wajenmu wani aiki ne daban, don abokan gaba sun yi yawa. Ƙurar hunturu, hayaƙin murhu da icce ɗanye, ƙaiƙayin sussuka da shiƙa lokacin kaka, ga allin aji ga mu malamai. Ki rufe hanci da baki da gefen mayafi in za ki shiga ƙura, ki zauna ta inda iska take kore hayaƙi ba ta inda take kawo shi ba. Ruwa ki sha shi a kai a kai tun safe, ba sai za ki yi waƙa ki ɗaga kofi biyu ba. Maganar zuma da citta da kanumfari da kowa yake ba da shawara, suna da daɗi kuma suna lallashin maƙogwaro, amma ki sani abin da kika haɗiye ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya, da ya taɓa shi ai da kin ƙware. Abin da yake isa wurin shi ne tururi, wato sirace da ruwan zafi zalla, ba sai kin zuba masa komai ba. Ki daina yawan gyaran murya da ƙarfi, ki haɗiye yawu ko ki kurɓi ruwa. In murya ta dishe kar ki koma raɗa, raɗa ma wahalar da ita take, shiru ne maganin. Cin tuwo da yaji da daddare ki kwanta nan take yana kawo ƙwannafi, ruwan cikin nan mai tsami yana hawowa ya ƙona wurin kina barci. Da azumi kuwa ki bar atisaye da rana, ki bari sai bayan tarawi jiki ya sha ruwa. Kuma duk dishewar da ta wuce sati biyu zuwa uku ba ta tafi ba, ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, akwai su a asibitin Malam Aminu Kano.

Iyakar abin da za ki iya ke kaɗai kenan, gaskiya. Daga nan sai da malami, don ba mai jin muryar kansa yadda take, kuma kuskuren da kika maimaita shekara biyu cire shi ya fi koyon sabo wuya. A Najeriya inda ake wannan karatun sosai akwai makarantar MUSON a Legas, akwai sashen kiɗa na jami'ar Nsukka, akwai kuma malamai da suke koyarwa ta bidiyo in kina da netwok mai kyau, wanda mu nan sai an hau tudun bayan gari. Ba zan ɓoye miki ba, maganar yarinya daga gidajenmu ta ce za ta hau dandamali ta yi waƙa ba ƙaramar magana ba ce, kuma ni ba zan ce wa kowa ta bijire wa Baba da Inna ba, ki zauna da su, ki sa yaya ko kawu da ake jin maganarsa a ciki. Su ma can ba kullum iyaye suke yarda ba, Régine Crespin da aka haifa a Marsey a 1927 harhaɗa magani aka so ta karanta, sai da ta faɗi jarrabawar gama sakandire tana 16 sannan hanyar waƙa ta buɗe mata. Kuma kar ki ce abin na Turawa ne kawai, Pretty Yende daga wani ƙaramin gari take a Afirka ta Kudu, a tallan jirgin sama a talabijin ta fara jin opera tana 16, waƙar ma daga operar Lakmé ce ta Bafaranshe Léo Delibes, a 2023 kuma ita ta yi waƙa a bikin naɗin sarkin Ingila.

Babbar konsabatuwa ta ƙasa guda biyu ce a Faransa, ta Paris da aka kafa tun 1795 da ta Liyon, kuma da gasa ake shiga, akwai iyakar shekaru, masu nema da yawa gurbi kaɗan. Shekara 3 digirin farko, 2 na biyu. A ciki ban da darasin murya akwai wasan kwaikwayo da motsa jiki da harsuna, akwai kuma wani mai fiyano da aikinsa kawai ya zauna da ke ku bi rawar da za ki taka layi layi. A nan ne ake tantance wace irin sofrano ce ke, don su ma kala kala ne. Akwai mai sauƙin murya mai gudu da wasa a can sama, ita ake ba Lakmé ta 1883 da 'yar tsana Olympia a operar Offenbach ta 1881, kuma Faransa ta shahara da irin waɗannan, su Lily Pons da Mado Robin da Mady Mesplé. Akwai ta tsakiya mai taushi da zaƙi, ita ce ta Marguerite a Faust na Gounod da Manon ta Massenet. Akwai kuma mai nauyi da faɗi irin Crespin wadda ta je har Bayrot a Jamus a 1958 ta rera operar Bajamushe Wagner, irin wannan muryar ba ta nuna sosai sai an haura 30. Ba ke kike zaɓa ba, halittarki ce take zaɓa, kuma rigimar da ta fi kashe muryoyi ita ce mai ƙaramar murya ta nace sai ta yi rawar mai babba.

Ki dubi hanyar Natalie Dessay don ki ga matakan a jikin mutum ɗaya. An haife ta a Liyon a 1965, ta tashi kusa da Bordo, 'yar rawa ta so zama da farko sannan 'yar wasan kwaikwayo, a nan aka lura da muryarta. Ta yi konsabatuwar Bordo, sannan ta shiga cikin 'yan amshi a gidan opera na Tuluz, ki lura fa, 'yar amshi, a bayan wasu take tsayawa. Ta shiga gasar sababbin muryoyi a 1988 wadda ta buɗe mata ƙofar makarantar gidan opera na Paris, ta ci gasar Mozart a Biyana babban birnin Ostiriya, a 1992 ta yi Olympia a Bastille, ta zauna cikin tawagar gidan opera na Biyana, a 1994 ta fara waƙa a babban gidan opera na New York. Tana kan ganiyarta muryar ta fara ba ta matsala, aka yi mata tiyata a tantanin murya a 2002, aka sake wata bayan shekara biyu, ta dawo a 2005 ta ci gaba. A 2013 tana da shekara 48 ta yi sallama da dandamalin opera da rawar Manon a Tuluz ɗin da ta fara, ta koma wasan kwaikwayo da wasu nau'o'in waƙa. Wannan fa mace ce mai malamai da likitoci na ƙwarai, amma duk da haka sai da aka kai ga wuƙa.

In kin kai matakin gasa ko gwajin ɗaukar aiki, ga yadda ake shiri. Ana zuwa da waƙoƙi kamar biyar a harsuna daban daban, duk a ka, ke za ki zaɓi ta farko su kuma alƙalai su zaɓi ta biyu daga jerinki, saboda haka kar ki kuskura ki rubuta wadda ba ki da tabbas a kanta don cika lissafi, ita za su nema. Ta farkon ki sa wadda ko daga barci aka tashe ki za ki iya, ba wadda ta fi wuya ba. Takardun kiɗan ki jera su tsaf ki yi wa mai fiyano alama inda za ki ja numfashi da inda za ki rage gudu, don mai yiwuwa ba ku taɓa haɗuwa ba sai ranar. Wani lokacin ko minti biyar ba za ki yi ba su ce mun gode, ba lallai ne don kin gaza ba, wataƙila wata kalar murya suke nema. Yanzu yawancin gasa zagayen farko da bidiyo ake yi, to ki samu ɗaki mara amsa kuwwa, waya a kan wani abu tsayayye nesa da ke kamar taku huɗu, a ga jikinki gaba ɗaya, kuma ba a yarda da gyaran sauti na situdiyo ba. Gasar Operalia da mawaƙi Plácido Domingo ya kafa a 1993 tana cikin manya, ba ta ɗaukar wanda ya haura 32.

Maganar kuɗi kuma kar kwalliyar dandamali ta ruɗe ki. A Faransa yawancin masu waƙar kaɗaici ba albashin wata suke ci ba, kwantiragi ne, a kira ki wasa kaza, ki yi sati huɗu zuwa shida kuna gwaji, sannan a biya ki kan kowane daren da kika hau, in mura ta kama ki kika fasa yawanci kuɗin wannan daren ya tafi, wadda aka ajiye a matsayin madadinki ta hau, kuma da yawa ta haka suka samu damarsu ta farko. Dillalinki zai cire kamar kashi 10, kuɗin malami da na mai fiyano daga aljihunki, sau da yawa har da hayar ɗaki a garin da kika je. Abin da yake rufa musu asiri wani tsari ne na gwamnati na masu aikin nishaɗi, in kin haɗa awa 507 na aiki cikin wata 12 za a riƙa ba ki wani abu a watannin da ba ki da aiki. Shi ya sa matasa da yawa suke tsallakawa Jamus inda akwai gidajen opera wajen 80 masu ɗaukar mawaƙa aikin dindindin, albashin ba yawa amma za ki taka rawa kala kala a shekara ɗaya ki goge.

Manyan gidaje kuma shekara biyu uku har huɗu gaba suke ƙulla kwantiragi, wato za ki sa hannu yau kan muryar da ba ki san yadda za ta zama ba bayan haihuwa ko rashin lafiya ko shekaru kawai. A nan ne ake buƙatar iya cewa a'a, in an kawo miki rawar da ta fi ƙarfin muryarki da kuɗi mai tsoka ki kai wa malaminki da mai fiyanonki, ku rera ta daga farko har ƙarshe a ɗaki, washegari ki duba ya kika tashi, in muryar magana ta dishe to ba taki ba ce tukuna. Murya tana sauyawa da shekaru, yawanci tana ƙara duhu da nauyi, sautukan can sama suna ja da baya. Crespin ta shiga wannan matsalar wajen 1970, ta koma ɗaliba ta sake gina muryar, ta sauko kan rawar da ba ta kai sofrano tsayi ba irin su Carmen, da haka ta ci gaba da hawa dandamali har 1989, tana kuma koyarwa a konsabatuwar Paris.